Roberto Donadoni: ɗan rakiya ne ko ginshiƙi, kuma me ya tsinana a benci?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya wani ɗan'uwa ya ce Roberto Donadoni ɗan rakiya ne a AC Milan ta Sacchi, wai su Gullit da Van Basten da Rijkaard ne suka goya shi, kuma da ya zama koci bai tsinana komai ba. Maganar ta fi ƙarfin a bar ta haka, a zo a baje ta a faifai.

Ga abin da ba gardama a kansa. An haife shi ranar 9 ga Satumba 1963 a Cisano Bergamasco, ƙaramin gari a lardin Bergamo. A makarantar yaran Atalanta ya taso, ya shiga babbar ƙungiyar a 1982, da shi suka hau Serie A a 1984. A 1986, watanni kaɗan bayan Silvio Berlusconi ya sayi Milan, sai ya yi wa Juventus shigar sauri ya ɗauke yaron. Kafin nan hanyar Turin yaran Atalanta masu kyau suka saba bi, kamar Scirea da Cabrini. Ya ci Serie A sau 6 da Milan (1988, 1992, 1993, 1994, 1996, 1999) da Kofin Zakarun Turai sau 3 (1989, 1990, 1994). Ya buga wa Italiya wasa 63, ya ci ƙwallo 5. Bismillah.

Ɗan Damagaram:
Wa'alaikumus salam Baban Khalifa. Ni na faɗa kuma ban janye ba. Kai da bakinka ka kawo hujjata: ƙwallo 5 a wasa 63. A Milan ma, duk shekarun nan, ƙwallayensa ba su kai talatin ba. Lamba 7 ne fa. Yau idan ɗan wasan gefe ya yi kaka guda bai ci goma ba ana fara neman mai saye. Kofuna kuwa, har mai tsaron raga na uku ana rataya masa lambar zinare.

Koci Ɗanliti:
Ɗan Damagaram, ka ɗauki mudun yau kana awon hatsin jiya. A ƙwallon Italiya na wancan zamani lamba 7 aikinsa daban. Suna kiransa tornante, wato mai komowa. Yana kai hari ta gefe, da an ƙwace ƙwallo kuma ya dawo ya zama ɗan tsakiya na huɗu. Jerin masu wannan aiki sananne ne: Domenghini, Causio, Claudio Sala, Bruno Conti, sannan Donadoni. Babu wanda aka auna da yawan ƙwallaye a cikinsu.

Yanzu a duba abin da Arrigo Sacchi, wanda ya zo a 1987, yake nema. Tsarinsa 4-4-2 ne, kuma ƙa'idarsa ita ce tazarar da ke tsakanin layin baya da 'yan gaba kada ta wuce kamar mita 25. Ƙungiyar duka tana motsi kamar an ɗaure ta da igiya ɗaya. Ga yadda aikin ɗan gefe yake a ciki:

Idan ƙwallo ta je wurin lamba 2 na abokan hamayya, ɗan gefen hagu shi ne zai fara fita. Ba gudu miƙe zai yi ba, lanƙwasa gudun zai yi ta yadda jikinsa zai toshe fasin ɗin da zai shiga tsakiya, ya tilasta wa mai ƙwallo bin layin gefe. A daidai lokacin Maldini zai hau kan ɗan gefensu, ɗan tsakiya mafi kusa ya matso, ɗan gefen dama kuma ya bar layinsa ya shigo ciki. Idan mai ƙwallo yana cikin matsi, kansa a ƙasa, Baresi zai ɗaga hannu layin baya ya hauro, 'yan gabansu su faɗa satar gida.

Inda take ɓaci shi ne idan ɗan gefe ya makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Mai ƙwallo ya samu sarari ya ɗaga kai, to ƙwallo ta zama buɗaɗɗiya. A nan Baresi ba zai iya haurowa ba, dole ya ja da baya, mita 25 ta koma 40, ramuka su buɗe a tsakiya. Duk tarkon satar gidan da ake yabon su Baresi da shi, daga ƙafar wanda ya fara matsa ƙwallo yake somawa. Samun mai gudu ba wuya, Angelo Colombo na nan. Samun mai yanka ba wuya. Wanda zai yi duka biyun minti 90 shi ne ke da wuya.

Ɗan Damagaram:
To Koci, ai ka tabbatar da maganata ke nan. Lebura ne mai biyayya.

Alhaji Mai Jan-Baƙi:
Haba yaro, lebura? Leburan da ya ci ta biyar ranar da aka yi wa Real Madrid 5-0 a San Siro a Afrilun 1989? Ancelotti, Rijkaard, Gullit, Van Basten, sai shi. Ka nemi wasan ka kalla, ka ƙirga sau nawa aka ba shi ƙwallo a lokacin da hanya ta toshe.

Sirrinsa ƙafa biyu ne. Mai tsaron baya yakan tura ɗan gefe zuwa raunanniyar ƙafarsa, to shi ba ka san wacce za ka tura shi ba. Ba shi da gudun fitar hankali, abin da yake da shi birki ne. Zai taho da ƙwallo, ya tsaya cak, ya karkata kafaɗa kamar zai shiga ciki, da ka ɗora nauyinka a ƙafa ɗaya ya wuce ta ɗaya gefen. Shi ya sa Sacchi da magajinsa Capello suka riƙa sa shi dama, hagu, har bayan 'yan gaba.

Misali mafi kyau shi ne Atina, 18 ga Mayu 1994, wasan ƙarshe da Barcelona ta Cruyff. Milan ba Baresi ba Costacurta saboda dakatarwa, ba Van Basten saboda rauni. Kowa ya gama bai wa Barcelona kofi. Dab da hutun rabin lokaci Donadoni ya karɓi ƙwallo a hagu, ya bar Ferrer a baya, ya kai har layin ƙarshe. Maimakon ya ɗaga kurosin sama inda gola zai kama, sai ya mayar da ita baya a ƙasa, Massaro ya ɗirka ta biyu. A nan wasan ya mutu. Savicevic da Desailly suka ƙarasa, 4-0.

Koci Ɗanliti:
Alhaji ya taɓo wurin da masu koyar da yara ya kamata su kula. Dalilin da mayar da ƙwallo baya daga layin ƙarshe ke aiki shi ne, masu tsaron baya duka suna gudu ne fuskarsu na kallon ragarsu. Saurinsu yana kai su cikin ƙaramin akwati, sai wurin ɗigon fenareti ya zama fanko. Ɗan gaban da ya rage gudu shi ke samun ƙwallo shi kaɗai. Kuskuren da 'yan gefe ke yi iri biyu ne: ko su buga ba su ɗaga kai ba, ko su buga da wuri tun masu tsaron baya ba su gama faɗawa ciki ba. Taku ɗaya na jinkiri shi ne bambancin.

Maman Ilham:
Ku ƙara da Belgrade, don a san irin mutumin da ake magana a kai. Nuwamban 1988, zagaye na biyu na Kofin Turai da Red Star. Wasan farko a can hazo ya sa alƙalin wasa ya tsayar, lokacin Red Star na gaba da ci ɗaya na Savicevic. Aka sake shi washegari. A wannan wasan Donadoni ya yi karo da Vasilijevic a sama, ya faɗo a sume, muƙamuƙinsa ya karye, harshe ya toshe masa numfashi. Da ƙyar masu ba da agaji suka buɗe masa baki. Milan ta wuce a bugun fenareti, shi kuma asibiti. Wata biyar bayan nan shi ne yake cin Real Madrid, a Mayu kuma yana cikin sha ɗayan da suka casa Steaua 4-0 a Camp Nou.

Ɗan Damagaram:
Allah Sarki, wannan kam ban musa ba Hajiya. Amma kofin 1990 fa? Ku duba sunayen waɗanda suka doke Benfica a Vienna, babu shi.

Alhaji Mai Jan-Baƙi:
Gaskiyarka. Jan kati ya samu a wasan Mechelen aka dakatar da shi, har wasan ƙarshe bai buga ba. Rijkaard ya ci ɗaya tilo. Amma tunda ƙirga muke, ka ƙirga da na 1993 da Marseille ta ci su 1-0 a Munich da kan Basile Boli, da na 1995 da Ajax ta ci su 1-0 da ƙafar Kluivert. Duka ya buga. A na Ajax ɗin nan Finidi George ya fara wasa, Nwankwo Kanu ya shigo daga benci. Wato daga 1989 zuwa 1995 Milan ta je wasan ƙarshe sau biyar, yana cikin fili a huɗu. Kuma kar a manta a 1992 Milan ta sayo Lentini daga Torino a kan kuɗin da ba a taɓa biya ba a duniya a lokacin, ɗan gefe ne shi ma. Ga Savicevic, ga Boban, ga Eranio. Kullum ana sayo wanda zai gaje shi, kullum ranar babban wasa Capello shi yake rubutawa.

Ɗan Kurmi:
Ni ciwon da ke raina da wannan tawaga ta Italiya shi ne wasanta da Najeriya a gasar kofin duniya, 5 ga Yuli 1994 a Foxboro kusa da Boston. Amunike ya ci mana a minti na 25, aka bai wa Zola jan kati, saura minti biyu mu je zagayen 'yan takwas. Donadoni na cikin fili ranar ko?

Koci Ɗanliti:
Yana ciki, tare da Albertini a tsakiya. Abin lura a wasan nan: Amokachi ya fita da rauni tun kafin hutu, Amunike ma ya bi shi bayan an dawo hutu, Najeriya ta rasa masu gudun da ke hana 'yan bayan Italiya haurowa. Da aka kori Zola, Italiya ta koma goma, amma ba ta watse ba, domin yawancinsu yaran Sacchi ne, kocin Italiya a lokacin, tun daga Milan, sun san inda kowa zai tsaya ko an rage mutum ɗaya. 'Yan wasan Westerhof suka koma riƙe ƙwallo ana jiran busa. Mussi, lamba 2, shi ya hauro ta dama ya ba Baggio a minti na 88. A ƙarin lokaci kuma Benarrivo, lamba 3, shi ya shiga akwati Eguavoen ya kayar da shi, Baggio ya ci fenareti. Ka ga 'yan baya biyu ne suka kashe wasan, kuma ɗan baya ba ya haurowa sai ya tabbata akwai mai rufe masa gurbi. Wannan aikin ba ya fitowa a gajeren bidiyo.

Ɗan Kurmi:
Koci ka fama mini tsohon miki. A wuce wurin.

Ɗan Damagaram:
A'a, kafin a wuce. 3 ga Yuli 1990, Naples, wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya da Ajantina, a gida. Zenga bai sha ko ɗaya ba a gasar sai da Caniggia ya farke ta Schillaci. Aka zo fenareti: Baresi ya ci, Baggio ya ci, De Agostini ya ci. Wa ya fara ɓarar wa? Mutuminku. Goycochea ya kaɗe, Maradona ya ci tasa, Serena ma aka kaɗe. Ginshiƙi ke nan.

Maman Ilham:
Idan ɓarar da fenareti ke cire mutum daga sahun manya, to ka cire Baresi da Baggio, su suka ɓarar a wasan ƙarshe na kofin duniya a Pasadena a 1994 tare da Massaro. Abin da ke ban tausayi shi ne fenareti ta bi bawan Allahn nan har benci. 1990 yana mai bugawa, 1994 yana tsaye a tsakiyar fili yana kallo, 2008 yana koci. Mu shiga batun kocin, don a can ne nake ganin Ɗan Damagaram yana da 'yar hujja.

Baban Khalifa:
To ga jerin a taƙaice. A 1996 ya tafi Amurka, MetroStars, a shekarar da aka fara gasar MLS, har aka sa shi cikin sha ɗayan da suka fi fice. Ya dawo Milan a 1997, ya ƙare wasa a Al-Ittihad ta Jidda a 2000. Koci: Lecco a 2001, Livorno a Serie B, Genoa a 2003 inda mai ƙungiyar Preziosi ya sallame shi bayan wasa uku, Livorno kuma a Janairun 2005, Italiya 2006 zuwa 2008, Napoli 2009, Cagliari 2010 zuwa 2011, Parma 2012 zuwa 2015, Bologna 2015 zuwa 2018, Shenzhen ta Sin 2019 zuwa 2020.

Ɗan Damagaram:
Kofi nawa a ciki? Sifili. An miƙa masa zakarun duniya a faranti, wasansa na farko Kuroshiya ta ci shi 2-0 a Livorno, ya yi 1-1 da Lithuania a Naples, Faransa ta ba shi 3-1 a Paris. A gasar Turai ta 2008 Holan ta yi masa 3-0, kuma kocin Holan abokinsa ne Van Basten. A Napoli maki 7 a wasa 7 aka kore shi, Mazzarri ya zo da 'yan wasan nan dai ya kai su na shida. Me ya rage?

Malam Sallau Lissafi:
A yi adalci kan batun Italiya. An naɗa shi 13 ga Yuli 2006, kwana huɗu bayan an ɗaga kofi a Berlin, hukumar ƙwallon ƙasar na hannun kantoma Guido Rossi saboda badaƙalar Calciopoli, wato maguɗin zaɓen alƙalan wasa. An jefa Juventus Serie B, su Buffon da Del Piero da Camoranesi suna can. An jinkirta fara Serie A, don haka da suka je Paris a Satumba 'yan wasan ba su buga wasan gasa ko ɗaya ba. A 2007 Totti da Nesta suka ajiye rigar ƙasa. Duk da haka Italiya ce ta ƙare ta ɗaya a rukunin da maki 29, Faransa na biye da 26. Tikitin a Hampden aka yanke shi, 17 ga Nuwamba 2007, 2-1 a kan Sikotilan, Toni a farkon wasa, Panucci a ƙarshensa.

Sai kwanaki kaɗan kafin gasa Cannavaro, kyaftin, ya ji rauni a idon sawu wajen atisaye bayan karo da Chiellini. Wannan ba laifin koci ba ne.

Koci Ɗanliti:
Wannan ba laifinsa ba ne, amma abin da ya yi a wasan Holan a Bern ranar 9 ga Yuni nasa ne, a faɗi gaskiya. Ya haɗa Materazzi da Barzagli a tsakiyar baya, mutum biyu da ba su saba da juna ba, babu mai jan ragama a cikinsu. Ya sa 'yan Milan uku a tsakiya, Gattuso da Pirlo da Ambrosini, ya bar De Rossi a benci alhali ya yi kaka mai kyau a Roma. Matsalar ita ce duk lokacin da Italiya ta tara mutane a gaba, babu mai saurin da zai tare harin martani. Ta biyu da ta uku duka haka suka zo: Italiya na kai hari, an ƙwace, cikin daƙiƙu Sneijder ya ci, daga baya Van Bronckhorst. Ta farkon ce kawai ake gardama a kai, don Van Nistelrooy kamar yana satar gida, amma Panucci na kwance a bayan layi, doka ta ƙirga shi.

Inda zan yaba masa shi ne gyaran da ya yi nan take. Ya mayar da Panucci tsakiya tare da Chiellini, Grosso ya shigo hagu, Zambrotta ya koma dama, De Rossi ya shigo. Daga nan ƙwallo ɗaya tak aka ƙara zura musu a wasa uku, ita ma kuskuren Zambrotta ne da ya mayar wa gola da ka Mutu na Romaniya ya tsinta. Buffon ya kaɗe fenaretin Mutu, aka ci Faransa 2-0 da ƙwallayen Pirlo da De Rossi. Tambayar ita ce me ya sa sai da aka sha uku kafin a ga abin da ya kamata a gani a atisaye.

Malam Sallau Lissafi:
Kuma wasan Sifaniya a Vienna, 22 ga Yuni, ba Pirlo ba Gattuso saboda katin gargaɗi biyu. Aka yi minti 120 babu ci. Sifaniyar nan ita ta ci kofin, ta ci na duniya a 2010, ta ƙara na Turai a 2012. A gasar 2008 Italiya kaɗai ce ba su iya zura wa ƙwallo ba. Casillas ya kaɗe na De Rossi da Di Natale, Fabregas ya rufe, 4-2. Kwana huɗu bayan nan aka sallame shi, Lippi ya dawo, ya je Afirka ta Kudu a 2010 ya ƙare na ƙarshe a rukunin da ke da New Zealand.

Ɗan Damagaram:
Rashin cin ƙwallo ba nasara ba ce Malam. Shirin wasan gaba ɗaya shi ne a ɗaga wa Toni sama ya yi kokawa da Puyol da Marchena. Toni bai ci ko ɗaya ba a gasar.

Malam Sallau Lissafi:
Ya ci ɗaya a wasan Romaniya aka kashe ta da satar gidan da babu ita. Amma na karɓi maganarka, ba shi da shiri na biyu.

Maman Ilham:
Ni a ganina duk wanda zai yanke wa Donadoni hukunci a matsayin koci, Parma zai duba, ba Italiya ba. Ya karɓe ta a Janairun 2012 daga hannun Colomba tana lilo a ƙasan teburi. Ya koma 'yan baya uku, 3-5-2, ya saki Giovinco a gaba. Suka ci wasa bakwai na ƙarshe a jere, suka ƙare na takwas. A kakar 2013-14 suka yi wasa 17 a jere ba a doke su ba, sai Juventus ce ta tsinka. Sun ci Milan gida da waje, 3-2 da 4-2. Suka ƙare na shida da maki 58, gaban Torino da Milan.

Ku duba da wa ya yi wannan. Cassano da kowa ya gaji da halinsa, Amauri da aka ce ya ƙare, Biabiany, Acquah na Ghana, Mirante a raga. Ƙarshen kakar Parolo da Paletta da Cassano duka suka tafi gasar duniya a Brazil.

Koci Ɗanliti:
Hajiya ta bar wanda ya fi burge ni: Marchionni. Ɗan gefe ne tun tasowarsa, shekaru sun ja, gudu ya ragu. Donadoni ya ɗauke shi ya ajiye shi gaban 'yan baya a matsayin mai raba ƙwallo. Hikimar ita ce ɗan gefe ya saba karɓar ƙwallo cikin matsi da mutum a wuyansa, ya saba juyawa a ƙaramin wuri. Abin da bai saba ba shi ne hatsari ta kowane ɓangare, don a gefe layi na tsare maka baya. Maganinsa shi ne a sa masa masu ƙarfi biyu hagu da dama, Parolo da Acquah ko Gargano, su yi gudun, shi ya yi tunanin. Daga baya suka koma 4-3-3, Cassano na saukowa daga lamba 9 ya ja mai tsaron baya, Parolo ya kutsa gurbin da aka bari. Tsohon ɗan gefe ne kaɗai zai kalli tsohon ɗan gefe ya hango wannan.

Baban Khalifa:
Kuma rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Gurbin Europa da suka samu a fili an ƙwace shi a ofis, saboda jinkirin biyan harajin da bai taka kara ya karya ba a lissafin ƙwallo, aka bai wa Torino. Kaka ta gaba asiri ya tonu. Ghirardi ya sayar da ƙungiyar, aka sake sayar wa Manenti a kan Yuro ɗaya a Fabrairun 2015. Watanni ba albashi, aka ɗage wasansu da Udinese don babu kuɗin biyan masu tsaron filin. Cassano ya tattara kayansa tun Janairu. A Maris kotu ta ce ƙungiyar ta karye, bashi ya haura Yuro miliyan 200, aka zabtare musu maki 7. Donadoni bai gudu ba, shi da kyaftin Alessandro Lucarelli suka riƙe yaran har ƙarshen kaka. Ranar 11 ga Afrilu 2015 waɗannan da ba a biya ba suka ci Juventus 1-0, Jose Mauri ya ci.

Ɗan Damagaram:
Wannan mutunci ne, na cire masa hula. Amma mutunci daban, iya aiki daban. Bologna fa? Can akwai kuɗin mai ƙungiyar Saputo, albashi na shiga a kan kari. Maki 42, sai 41, sai 39. Kowace shekara baya ake ci. Napoli ta zo har gida ta ba su 7-1 a Fabrairun 2017.

Malam Sallau Lissafi:
Lissafinka daidai ne. Sai dai ka ƙara cewa ya tarar da su da maki 6 a wasa 10 a Oktoban 2015, kuma ba su faɗi ba ko sau ɗaya a hannunsa. Diawara ɗan Gini ya fito a hannunsa yana ɗan shekara 18, Napoli ta ɗauke shi bayan kaka ɗaya. Giaccherini aro ne, ya tafi. Verdi da ya yi ta yawon aro ba a san inda za a sa shi ba, a hannun Donadoni ya zama ɗan gefen da ya ci bugun tazara biyu a wasa ɗaya da Crotone, ɗaya da dama ɗaya da hagu. Shi ma Napoli ta saye shi a 2018.

Ɗan Kurmi:
Ai har yaranmu sun bi ta hannunsa a can. Sadiq Umar na Kaduna ya je aro daga Roma a 2016 bayan tagullar Olamfik ta Rio, rauni ya hana shi sakat, wasanni kaɗan ya buga bai ci ba. Orji Okwonkwo ma a hannunsa ya fara buga Serie A. Ga Donsah na Ghana.

Alhaji Mai Jan-Baƙi:
Ni dai abin da na lura da shi, kusan duk inda ya yi nasara a tsakiyar kaka aka kira shi: Livorno, Cagliari, Parma, Bologna. Gida na cin wuta, ya zo ya kashe, ya jera layuka, ya rage tazara, kowa ya san gurbinsa. Abin da ya koya a Milanello, sansanin atisayen Milan, ke nan. Inda yake gaza shi ne shekara ta biyu da ta uku, lokacin da ake son ƙungiya ta riƙe ƙwallo ta fasa wanda ya tare gida. A fili shi ne mai fasa ƙofar da ƙafarsa, a benci kuma sai ya jira a samu wani Cassano ko Giovinco ya yi masa.

Sannan bai iya zama da masu ƙungiya masu surutu ba. A Livorno ƙungiya na ta shida a Fabrairun 2006, Spinelli ya soke shi a talabijin, sai ya ajiye aiki. Cellino ya sallame shi a Agustan 2011 tun ba a fara kaka ba. Preziosi, De Laurentiis, duk irinsu ɗaya.

Ɗan Damagaram:
To Alhaji, a kan ɗan wasa na sauko, na janye kalmar ɗan rakiya. A kan koci ina nan inda nake: mai kashe gobara ne, ba magini ba.

Maman Ilham:
Parma ta 2012 zuwa 2014 gini ne. Shekara biyu da rabi, na takwas, na goma, na shida. Ba shi ya rushe ba.

Koci Ɗanliti:
Ga mai son gani da idonsa, ya nemi cikakken wasan Atina na 1994, ba gajeren ba. Ya manta da ƙwallo, ya bi Donadoni kaɗai na minti 15 na farko. Ya ƙirga sau nawa yake waiwaye kafin ƙwallo ta iso shi, ya kuma duba inda yake tsayawa duk lokacin da Koeman ya ɗaga kai yana neman Stoichkov ta gefen Panucci. Panucci ɗan shekara 21 ne ranar, kuma asalinsa lamba 2 ne aka ajiye shi a hagu don Maldini ya koma tsakiya.

Ɗan Damagaram:
Panuccin nan dai da ya cece shi a Hampden, ya kuma farke ta Romaniya?

Koci Ɗanliti:
Shi fa. Shekara 14 tsakani.